Shirun da Na Yi a Gaban Baji Farhat

Kafin in sa Mazhar Sahib, wato Malam Mazhar, a ido, kunnena ya riga ya cika da labarinsa. 'Yan ajinmu a kwalejin koyon aikin lauya sun ce duk wanda dokar yarjejeniya ta kayar, ya je lesin wurinsa, zai tashi, amma sai ya ji jiki. Masu buga takardu a rumfunan bakin kotun birninmu Multan sun ce a da lauya ne da ake ji da shi, ya rataye baƙar kwat ɗinsa ne ranar da wani alƙali ya nemi ya ba da haƙuri a kan maganar da yake ganin shi ke da gaskiya. Mai kantin littattafan da ke ƙasan benensa ya ce tun rasuwar matarsa bai ƙara jin dariyarsa ba. Ita kuwa Kinza, yarinyar da ta maƙale mini tun ranar farko duk da na girme ta nesa, har take kirana Baji, wato yaya, cewa ta yi, "Baji, mutumin nan ko ƙafarki ya taka, sai dai ya yi miki bayanin yadda aka yi ƙafar ta zo wurin. 'Yi haƙuri' ba ta cikin bakinsa."

Masu karatu, wasunku sun yi ƙorafin ina jan labarin nan. Ku yi mini uzuri, ni ba mai saurin baki ba ce, kuma yau za ku ga inda hakan ya kai ni.

Sunana Musarrat. Ina aji tara mahaifinmu ya rasu, na ajiye littafi na hau keken ɗinki. Da wannan keken ƙanina Shafkat ya gama makaranta, da shi aka yi wa ƙannena mata biyu kayan ɗaki. Sai da gida ya yi shiru, daga ni sai Ammi mahaifiyarmu sai Shafkat, sannan na kakkaɓe tsofaffin littattafai na shiga zana jarrabawa daga gida, ɗaya bayan ɗaya, har na samu gurbin karatun lauya ina da shekara talatin da uku. A aji, yara suna matsa mini kujera kamar wata malama ce ta shigo. Sauran darussa na lallaɓa na wuce, dokar yarjejeniya kuwa ta kayar da ni ƙasa warwas. Dalilin zuwana benen Mazhar Sahib ke nan.

Ɗaki ne ƙarami, da fanka mai kuka, da benci-benci, da taga mai kallon kasuwa. Shi kuma dogo ne siriri, furfura ta fara cin gefen kansa, kullum cikin farar riga da wando masu guga. Ba ya koyarwa da littafi a hannu. Abin da ke kusa da shi yake ɗauka. Wata rana ya kwance agogonsa ya ajiye gaban Kinza, ya ce ya sayar mata, in bai ji daga gare ta ba zuwa gobe, ya ɗauka ta saya. Sannan ya tambayi aji ko ciniki ya faɗa. Samarin gaba suka ce ya faɗa mana, tunda ba ta musa ba. Kinza ta ce ita ko kyauta aka ba ta wannan tsohon agogon sai ta yi shawara. Bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi bencin baya.

"Musarrat Bibi?" Haka yake kirana, da Bibi, don girmamawa.

Na ce, muryata da ƙyar take fita, ba a sa wa mutum magana a baki alhali bai furta ba.

Ya daɗe yana kallona, har na sunkuyar da kai. Sannan ya ce wa aji, "Shiru ba amincewa ba ne. In kun manta duk abin da na koya muku, kada ku manta wannan." Yana ɗaura agogon ya ƙara da cewa akwai togaciya guda: in mutane sun saba a tsakaninsu, ko al'adar kasuwarsu ce, cewa shiru yana nufin an yarda, to kotu takan duba wannan. Amma, in ji shi, ba kasafai take fitowa a jarrabawa ba, kada mu ɓata lokaci a kanta.

Shafkat ne yake ɗauko ni a babur, kuma Shafkat bai san zuwa a kan lokaci ba. Don haka in an tashi nakan zauna jira, Kinza na gefena tana danne-dannen waya, ƙofa a buɗe, Mazhar Sahib yana duba takardunmu da jan biro. A nan na gano mutumin da ake cewa ba ya magana, rashin mai saurare ne ya dame shi. Ni kuwa sauraro sana'ata ce ta biyu. Matan da nake aunawa sun sha zazzage mini cikinsu ina riƙe da allura a baki. Yakan fara da wata tsohuwar shari'a, ya gangara kan itatuwan mangwaron mahaifinsa a ƙauye, da yadda aka sare su aka yi filaye. Ban taɓa katse shi ba. Wata rana har murmushi ya yi, Kinza ta mintsine ni a cinya.

Saƙonninsa a waya ba su da ɗanɗano. "Gobe sashe na bakwai." "Amsarki ta biyu ta yi tsawo." Sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, tituna suka cika, na ga, "Kin isa gida lafiya?" Na karanta shi ya fi a ƙirga. Na amsa da "Lafiya lau, na gode," na kife wayar kamar wadda aka kama.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, yayarsa Baji Farhat ta aiko cewa za ta zo gaishe da Ammi. Kowa ya san irin wannan gaisuwar. Ammi ta fito da kofunan da ke kulle a kabad tun bikin autarmu, ta sa aka wanke tsakar gida, aka shimfiɗa sabon zane a gadon igiya, aka jingina tabarma a bangon da damina ta ci don a rufe shi. Na sa riga da wando masu launin ganyen zaitun, da mayafin da na yi wa aikin zare a baki da hannuna, wanda na daɗe da ajiyewa ban san ranar da nake jira ba. Na kawo shayi da samosa.

Baji Farhat mace ce mai jiki da fara'a. Ta yaba shayin, ta yaba aikin mayafin, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ammi ta ce yarinya tasu ce. A nan ya kamata magana ta ƙare. Amma sai baƙuwar ta ajiye kofi, ta juyo gare ni, ta ce ɗan'uwanta ya kafa mata sharaɗi: kada ta dawo sai ta ji daga bakina.

"Ƙanwata, kina son auren nan?"

Ku da kuke karatu, ban san yadda ake yi a gidajenku ba. A gidanmu, da duk layinmu, ba a taɓa jin 'ya mace ta dubi idon uwarta ta ce tana son namiji ba, ko da furfura a kanta. Wadda ba ta so ita ce take magana, ko ta tashi ta bar wurin. Wadda take so, kai take sunkuyarwa. Na sunkuyar. Amsar tana nan a maƙogwarona, cikakkiya, amma ta ƙi haurowa. Sai hawaye suka zubo a kan aikin zaren, don ban taɓa zaton za a zo a yi mini wannan tambayar ba a rayuwata.

Ammi ta yi dariya tana share nata idon. Ta ce wa baƙuwar, "Kin dai gani. Haka na yi, haka uwata ta yi."

Baji Farhat ta gutsuro alawa ta sa mini a baki, ta shafa kaina, ta ce za mu ji daga gare su.

Ammi ba ta jira ba. Shekara da shekaru tana cin alawar 'ya'yan wasu, tana jin ana tambayarta yaushe za a ci tawa. Washegari da sassafe ta tura Shafkat ya yo lodin gwangwanayen alawar sohan a babur, aka bi gida-gida tun daga bakin layi har ƙofar masallaci. Mata suka yi ta shigowa barka. Khala Nasrin, maƙwabciyarmu ta jikin bango, ta riƙe haɓata ta ce ashe karatun tsufa yana da rana, wasu takardar shaida suke samowa, ni na haɗo da malamin gaba ɗaya. Na yi dariya ranar. Har ga Allah na yi.

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, ina kan keke ina kafa hannun riga, wayata ta yi ƙara.

"Musarrat Bibi, na janye maganar da yayata ta kawo gidanku. Babu laifinki ko kaɗan. Na yi magana da wata malama a unguwar Gulgasht, za ta ƙarasa miki darussan da suka rage. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa."

Ƙafata ta ci gaba da taka keken, allura tana ta huda wuri guda. Ban yi kuka ba a lokacin. Na zauna ina lissafa abin da Baji Farhat ta gani ta kai masa: bangon da tabarma ba ta gama rufewa ba, kantar da ke yatsuna, shekaruna da hoda ba ta ɓoyewa. Na rubuta "Me na yi?" na goge. Na rubuta "Na gode" na goge. Shi ya koya mana cewa mai tayi yana da ikon janyewa muddin amsa ba ta iso gare shi ba, kuma ba dole ne ya faɗi dalili ba. Na ce a raina, ya yi amfani da haƙƙinsa. Ban tura komai ba.

Shafkat ya so ya je benen ya yi tijara, Ammi ta riƙe rigarsa ta ce abin kunyar da muke ciki ya isa. Ta daina fita. Ko sayen kayan miya a bakin ƙofa ta daina, sai dai ni in leƙa. Khala Nasrin ta turo jikarta da gwangwaninta ko buɗewa ba a yi ba, wai a adana, kada a sake kashe kuɗi in wani ya fito. Ammi ta karɓa da hannunta ta ɗora a saman kabad. Tun daga ranar abincinta ya ragu, hawan jininta ya tashi, ina jin ta tana juyi a gado tana kiran sunan mahaifinmu.

Cikin wannan hali Kawu, yayan Ammi, ya zo da maganar Tanwir, mai kantin yadi da na daɗe ina yi wa ɗinki. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu. Mutumin kirki ne, bai taɓa tauye mini ko rupi ɗaya ba, kuma ya ji duk abin da ya faru bai fasa ba. Game da karatu ya ce in zana jarrabawar bana, sauran kuma a gani in yara sun saba da ni. Na san ma'anar "a gani".

Ba wanda ya tilasta mini, ina so ku riƙe wannan. Kawu ya zauna a bakin gadon igiya, Shafkat na tsaye, Ammi na kwance tana kallon rufi. Kawu ya fara cewa in na yi shiru ya fahimta. Na dubi gwangwanin da ke saman kabad, na dubi wuyan Ammi da ya rame. Na ɗaga kai na ce, "Na yarda, Kawu." Har Shafkat sai da ya waiwayo. Ammi ta tashi zaune a karon farko cikin kwanaki, ta ce a dafa mata shayi.

Ban je wurin malamar Gulgasht ba. Da takardun da Mazhar Sahib ya yi wa jan biro na yi bita. Ranar jarrabawa, tambaya ta uku a kan shiru ce. Na cika shafi, hannuna bai tsaya ba, har togaciyar da ya ce ba ta fitowa na rubuta. Da muka fito Kinza ta tare ni a gindin bishiya ta ce ba zan wuce ba sai na gaya mata dalilin da na daina ɗaga wayarta. Na gaya mata komai, ban rage ba. 

Shekaranjiya da hantsi Kinza ta turo mini saƙon murya, tana haki kamar an biyo ta.

"Baji, na yi ɓarna, ki zage ni daga baya."

Ashe lesin bai tsaya ba, sun shiga dokar cinikin kaya. Ana tsakiyar darasi ta ɗaga hannu ta ce tana da tambayar jarrabawa. Wani mutum ya aika yayarsa da tayi wurin wata mata. A garin matar, kowa ya sani, mai ƙi ita ke magana, mai so shiru take yi. Matar ta yi shiru. Danginta suka raba alawa. Mutumin ya janye. Shin togaciyar da malam ya koyar ta shafi wannan, ko kuwa a kan buhun auduga kawai take aiki?

Ta ce duk ajin ya zuba wa Mazhar Sahib ido. Ya tsaya da alli a hannu. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Amma an ce ta yi kuka." Kinza ta ce masa, "Sahib, wace ce ba ta kuka?" Ya ajiye allin ya sallami aji, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da zazzaɓi ya kama shi.

Na saurari saƙon, na koma kan keke. Jiya ce ranar da mahaifiyar Tanwir da 'yan'uwansa mata za su zo su yafa mini jan mayafi su sa mini zobe, kuma ban gama dajiyar rigar da zan sa ba.

Jiyan, bayan la'asar, na yi wanka na shirya. Riga ruwan hoda, awarwaron Ammi a hannuna, an sake jingina tabarma a bango, an sake fito da kofunan. Aka buga ƙofa. Shafkat ya tafi da fara'arsa, sai na ji muryarsa ta canza. Ammi ta tambaya wane ne, ya faɗa. Ta ce a bar shi ya shigo, ba za ta ƙara wa 'yan layi abin kallo ba.

Mazhar Sahib ne. Baƙar kwat ya sa, a wannan zafin. Tana warin kafur, kafaɗunta sun yi masa yawa. Aka nuna masa kujera bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida, hannuwansa a gaba, kamar mai jiran alƙali ya ba shi izini.

Ya ce Baji Farhat ta dawo masa da murna, ta ce an amince. Ya tambaye ta me na ce da bakina. Ta ce ban ce komai ba, kunya ce, hawaye kawai na yi. Ta yi ta rantsuwa cewa haka ake yi, ya ƙi saurarenta. Sannan ya faɗi abin da ko mai kantin littattafai bai sani ba. Matarsa, a jinyarta ta ƙarshe, ta gaya masa ba ta taɓa son aurensa ba. An tambaye ta, ta yi shiru don tsoron mahaifinta, aka raba alawa. Ta zauna da shi shekaru masu yawa, ta yi masa biyayya, bai taɓa sani ba. Ba da faɗa ta gaya masa ba, ta ce dai ba ta so ta tafi da shi a ciki.

"Na ɗauka ke ma haka ne," ya ce. "Na ɗauka nauyin ni malaminki ne ya rufe miki baki. Na ce ba zan sake zama da shirun wata ba."

Shafkat ya ce, "Da waya a hannunka, Sahib. Tambaya ɗaya ce."

Bai kare kansa ba. Ya ce haka ne. Ya ce bai san an raba alawa ba sai shekaranjiya. Idonsa ya kai saman kabad, ta ƙofar ɗaki, inda gwangwanin Khala Nasrin yake zaune, ya dawo kan rigata, da kofunan, da farantan da aka jera. Mutum ne mai saurin karanta hujja. Duk da haka ya tambaya, a hankali, ko akwai sauran wurin da zai sake kawo maganarsa.

Ammi ta buɗe baki za ta amsa mini, kamar kullum. Na riga ta.

"An tambaye ni, Sahib. Wannan karon na ce na yarda. Da bakina, a gaban Kawu da Shafkat, kuma an kai wa mutumin."

Ya gyaɗa kai. Ba sai na tuna masa ba, shi ya koya mana abin da ke faruwa in amsa ta isa kunnen mai tayi. Na jira ya kawo wani sashe, wata togaciya, irin yadda yake ɓullo da su a aji in mun zaci hanya ta toshe. Allah ya sani na jira. Bai kawo ba.

Daga bakin layi muka ji adaidaita ta tsaya, da muryoyin mata suna tambayar gidan Musarrat mai ɗinki, da Khala Nasrin tana cewa su biyo ta, ita za ta raka su. Shafkat ya dubi ƙofa, ya dubi Ammi. Hanyar fita ɗaya ce a gidanmu.

Mazhar Sahib bai motsa ba. Ya juya wurin Ammi ya sunkuyar da kai har furfurarsa ta bayyana duka. Sannan ya juyo gare ni, bai rage murya ba, ko da yake takun matan ya iso zaure.

"Na koya wa mutane doka, na kasa tambayar mace ɗaya abin da ke ranta. Na kunyata mahaifiyarki, na zalunce ki. Laifina ne ni kaɗai. Musarrat, ki yi haƙuri. Ki yafe mini."